Alhaji Umaru Salga (Imam Imoru)

Alhaji Umaru ɗan Abubakar ɗan Usmanu (wajen 1858 zuwa 30 ga Yuni, 1934) malamin makaranta ne, limami, mawaƙi, kuma marubuci da Hausa da Larabci. An haife shi a birnin Kano, ya rasu a Kete-Karachi cikin ƙasar Gana ta yau. A Najeriya an fi saninsa da Alhaji Umaru Salga, mutanen Gana kuwa Imam Imoru suke cewa, ko Alhaji Imoru Karachi. A takardun Larabci akan rubuta sunansa da laƙabi uku a jere: al-Kabawi, al-Kanawi, as-Salgawi, wato Bakabe, Bakano, mutumin Salga. Duk wanda ya bi laƙuban nan ɗaya bayan ɗaya, ya bi sawun fataken goro ke nan daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja, a arewacin Gana ta yau. A kan wannan hanya ya yi ƙuruciya, a kanta ya nemi ilimi, kuma a bakin ƙarshenta ya shimfiɗa buzu ya karantar kusan shekara arba'in.

Asali da karatu

Zuriyarsu daga Kabi take, amma mahaifinsa Abubakar a Kano ya zauna yana fataucin goro. An haifi Umaru a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, lokacin da kasuwar Kurmi ke cika da Larabawan Gadamas, da Buzaye masu gishiri, da Nufawa, da Barebari, kuma baƙin yadin da aka rina a marinar Kano yana kaiwa har Tumbuktu. A nan ya yi allo, ya sauke, ya shiga karatun littattafai.

Ɗalibin ilimi na wancan zamani ba ya zama gaban malami ɗaya. Wannan ya shahara a fiƙihu, wancan a nahawu, wani can a lugga, sai ɗalibi ya ɗauki gafakarsa ya bi su gari gari. Yakan faro daga Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ya hau Risala, in Allah ya ba shi juriya ya kai Askari. A gefe yana jan Ajuruma da Alfiyya, da Ishiriniya, da waƙoƙin mawaƙan Jahiliyya waɗanda malamai ke kira Shu'ara. Neman irin wannan karatu ya kai Umaru Sakkwato da Gwandu da Argungu. Jera garuruwan nan uku a layi ɗaya abu ne mai sauƙi a yau, a lokacinsa kuwa tsallake fagen fama ne. Tun da Yakubu Nabame ya tayar da Kabawa a 1849, Argungu ta tsaya da ƙafarta, tsakaninta da Gwandu da Sakkwato sai hari da ramuwa, in ban da 'yan shekarun sulhun da ake kira Lafiyar Toga. Umaru ya sha karatu a wajen jikokin masu jihadi, ya kuma ji labarin jihadin daga bakin waɗanda aka ci da yaƙi. Daga baya da ya zo rubuta tarihi, muryar Kabawa ta fito a ciki sarai, abin da ba a cika samu ba a littattafan Sakkwato.

Ya fara wallafa tun yana saurayi. A wajen 1877 ya rubuta wani ɗan littafi da Larabci, as-Sarhatul Wariƙa fi Ilmil Wasiƙa, mai koyar da yadda ake tsara wasiƙa. Ba mamaki ɗan falke ya faro da wannan. Wasiƙa ita ce ke riƙe da fatauci: ta neman izinin wucewa wajen sarki, ta bashi, ta sallahu, ta sanar da iyali cewa wane ya rasu a hanya ga abin da ya bari.

Hanyar Gwanja

Goro ba ya fita a ƙasar Hausa, a dajin Tonawa yake, wato Asante. Tonawa kuwa ba su yarda baƙi su shiga har gindin bishiya ba, sai su kawo shi arewa a haɗu a kasuwar Salga, cikin ƙasar Gwanja. Daga Kano ayari kan tashi da rani, ya nufi yamma, ya ƙetare Kwara a wajen Yawuri ko Busa, ya ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu, ya bi Sansanin Mango ko ya yanke ta Yandi, sannan Salga. Tafiya ce ta wata biyu zuwa uku a zuwa kaɗai, kuma sau da yawa mutum kan shekara bai ga gida ba. Ana tafiya da kanwa, da riguna da zannuwa, da jan fata, da dabbobi, a komo da goro. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi riƙe wannan sana'a.

Ayari gari ne mai tafiya. Akwai madugu, wanda shi ne uban tafiya, shi ke ciniki da sarakunan hanya kan kuɗin fito da gaisuwa. Akwai jagaba a gaba, uban dawaki a baya yana tattaro masu rauni. Akwai mata masu dafa abinci suna sayarwa a zango. Akwai kuma malamin ayari, mai duba ranar tashi, mai jan salla, mai riƙe lissafi, mai raba gado in mutuwa ta faɗo. Wahalar komowa ta fi ta zuwa, domin goro kaya ne mai rai. Ana lulluɓe shi da ɗanyen ganye a ɗaure cikin huhu, a ɗora wa jakuna. Bayan 'yan kwanaki sai an sauke an kwance, a baje, a tsince wanda sankara ta kama kafin ya ɓata 'yan'uwansa, a yayyafa ruwa, a canza ganyen da ya bushe, a sake ɗaurewa. Falken da ya yi kasala a wannan aiki, ya isa Kano da ruɓaɓɓen kaya. Ƙirga kuwa da ƙwarya ake yi, ƙwarya ɗaya goro ɗari.

Umaru ya bi mahaifinsa a irin waɗannan tafiye-tafiye tun yana yaro, kuma tsakanin karatu da fatauci ya taka ƙasar Zabarma, da ta Mosawa, da ta Gurunshi. Shekarun nan ba na lafiya ba ne a wannan yanki. Mahayan Zabarmawa ƙarƙashin Gazari, daga baya Babatu, suna kai hari ƙauyukan Gurunshi, mutanen da suka kamo kuma da yawansu a kasuwar Salga ake sayar da su. Dole a faɗi wannan, domin arzikin Salga goro ne da bayi, kuma Umaru ya ga kasuwar da idonsa.

Salga da basasarta

Salga gari ne na baƙi. Sarautar ƙasa tana Kpembe, ɗan nesa kaɗan, a hannun Gwanjawa. Cikin Salga kuwa unguwanni ne na Hausawa, da Wangarawa, da Barebari, da Yarabawa, da Mosawa, kowa da mai unguwarsa da masallacinsa, kuma Hausa ce harshen ciniki. Ruwa ya yi wa garin ƙaranci har aka haƙa rijiyoyi barkatai, shi ya sa ake masa kirari da gari mai rijiya dubu.

Amma lokacin da Umaru ya tare a can, rana ta riga ta karkata. A 1874 sojojin Ingila sun ci Kumasi sun ƙone ta, Gwanjawa suka yi amfani da wannan dama suka yar da karkiyar Tonawa, Tonawa su kuma suka janye goronsu zuwa wasu kasuwanni irin su Kintampo. A 1888 Ingila da Jamus suka yi yarjejeniya cewa yankin Salga da Yandi ba na kowa ba ne a cikinsu, ma'ana kowa ya sa ido yana jira. Sai a 1892 rikicin gadon sarautar Kpembe ya ɓarke tsakanin gidajen sarauta. Kabachewura Isifa, ɗaya daga cikin masu neman sarautar, ya samo taimakon Dagwamba da Nanumba, ya kori sarki mai ci, aka washe Salga, fatake suka watse. Umaru yana garin aka yi wannan, ya kuma rubuta shi a waƙa da Larabci. Abin ya zo masa kamar gudun gara a faɗa gidan zago a juye: shekara guda bayan haka Kanon da ya baro ita ma ta faɗa tata basasar tsakanin Tukur da Yusufawa. Ba a jima ba sojojin Jamus suka ƙone abin da ya rage na Salga.

A Salga ne ya san Bajamushen nan Gottlob Adolf Krause, mai nazarin harsuna, wanda Hausawa ke kira Malam Musa. Wannan ce haɗuwarsa ta farko da irin Turawan da ke son a rubuta musu Hausa a takarda.

Kete-Karachi

A wajen 1896 ya koma kudu, zuwa Kete-Karachi a gaɓar kogin Volta. Garuruwa biyu ne maƙwabta aka haɗa sunansu. Karachi ta 'yan ƙasa ce, mazaunin tsafin Dente da ake jin tsoronsa har Kumasi. Kete kuwa zango ne na Musulmi 'yan kasuwa, wanda ya cika ya batse da mutanen da suka gudo daga Salga. Jamusawa sun kafa bariki a wurin tun 1894. A nan Umaru ya zama limamin gari, a nan kuma ya buɗe makarantar da ta ɗaukaka sunansa.

Makarantar ilimi irin tasa ba ta da aji ko ƙararrawa. Malam na zaune a zaure bisa buzu, ɗalibai sun kewaye shi, kowa da nasa littafin, warwaren takardu cikin bango na fata. Wanda layi ya zo kansa sai ya matso, ya durƙusa, ya ja Larabci gaɓa ɗaya ya tsaya, malam ya mayar masa da Hausa. Ya ja ta gaba, malam ya fassara. In an kai inda ya isa na yau, malam ya ce "Wallahu a'alamu", ɗalibi ya ce "Allah ya gafarta malam", ya ja baya, na gaba ya matso. Sauran suna saurare, don haka mai Ishmawi yana tsintar Risala tun bai kai ta ba. Littafi kuwa sai dai ka ara ka kwafa da hannunka, da alƙalamin kara da tawadar da ka dafa.

Daga wannan al'ada ta fassara da baki aikinsa mafi ban mamaki ya fito. Ya ɗauki waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi, mawaƙin Larabawa na kafin Musulunci, ya mayar da su Hausa a rubuce. Malamai sun daɗe suna fassara su a zaure, amma maganar kan tashi tare da taron; shi sai ya kama ta ya sa a takarda. Baturen Ingila R. S. Rattray, wanda ya yi aiki a Gwalkwas (sunan Gana a zamanin mulkin Ingila) kuma ya ji Hausa, ya buga wani yanki na wannan fassara a 1934.

Ɗalibai sun zo masa daga nesa, kuma da suka gama suka bazu a zangunan Kumasi, da Akara, da Tamale, da Yandi, da garuruwan Togo, suka zama limamai da malaman makarantu. Har yau a Gana akwai malaman da in suna lissafa salsalar karatunsu sai sun biyo ta kansa. Ana iya cewa shi ne babban mahaɗi tsakanin karatun Kano da Sakkwato na ƙarni na 19 da karatun zangunan Gana na ƙarni na 20.

Abin da ya rubuta wa Jamusawa

A farkon ƙarni na 20 mai mulkin barikin Kete-Karachi shi ne Adam Mischlich, wanda ya fara zuwa Afirka a matsayin ɗan mishan na Basel kafin ya shiga aikin gwamnati. Ya zauna gaban Umaru yana koyon Hausa, kuma ƙamus ɗin Hausa da Jamusanci da ya buga a Balin a 1906 ya ci moriyar wannan zama. Ya riƙa roƙon malamin ya rubuta masa abin da ya sani game da ƙasarsu, shi kuwa ya riƙa cika takardu da ajami.

Abin da ya fito daga nan ba shi da na biyu a rubutun Hausa na wancan lokaci. Malaman jihadi sun bar tarin littattafai, amma kan tauhidi da fiƙihu da mulki da yaƙi suke, kuma mafi yawansu da Larabci. Ba wanda ya ga dalilin ɓata takarda mai tsada wajen bayyana yadda ake rini, ko jima, ko yadda manomi ke shuka gero da dawa, domin kowa ya sani. Umaru, da yake yana bayani ne ga baƙon da bai san komai ba, sai ya rubuta duka: noma da kiwo, sana'o'i, kasuwa da kuɗin wuri, aure da haihuwa da mutuwa, matsayin bawa da na ɗa, bori, tsarin sarauta, ga kuma tarihin Kabi da na wasu ƙasashen Hausa da maƙwabtansu. Hausarsa ta zube miƙaƙƙiya ce, ta mutumin da ya saba yi wa ɗalibi bayani, kuma ta riga littattafan zube na boko da aka fara bugawa a Zariya a shekarun 1930 da kusan shekara talatin.

Akwai abin dubawa a nan, kuma masu nazari sun daɗe suna juya shi. Mutumin da ke zama da jami'in Jamus yana koya masa harshe, shi ne kuma ke rubuta waƙoƙin kuka da zuwan Turawa. Wanda ya san zaman malami baƙo a ƙasar da ba tasa ba, ba zai yi saurin kiran wannan fuska biyu ba. Limamin zango yana tsakanin mai bariki, da sarkin ƙasa, da jama'arsa, kuma in ya ɓata da na farko jama'ar ce za ta sha. Ya ga abin da bindiga mai ruwa ta yi, ya auna, ya zaɓi zama lafiya da masu mulki. Abin da ke cikinsa kuma ya zuba shi a baiti. Hakan ya sa da wani mai wa'azi ya ɓullo a yankin wajen 1904 zuwa 1905 da da'awa irin ta Mahadiyanci, Umaru bai bi shi ba, waƙar suka ma ya yi masa.

Waƙoƙi

Kan zuwan Nasara ya yi waƙoƙi uku sanannu: biyu da Larabci, a wajen 1899 da 1900, ɗaya da Hausa a 1903, shekarar da Kano ta faɗi a Fabrairu, Sakkwato a Maris, aka kuma kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a watan Yuli. Zaren da ya ratsa su shi ne yadda baƙin suka fara zuwa da lallami da sunan ciniki, sai da suka zauna da gindinsu sannan suka juya. Abin da ya bambanta su da sauran waƙoƙin zamanin shi ne faɗin ƙasar da suka ɗauko. Mawaƙin Sakkwato kukan Sakkwato yake yi. Umaru kuwa sai ya yi ta jero garuruwa da sarakuna daga ƙasashen Volta har ƙasar Hausa da Barno, waɗanda Faransa ta ci, da na Ingila, da na Jamus. Lissafi ne na ɗan ayari, wanda yawancin sunayen nan ko ya kwana a cikinsu ko ya yi zango da mutanensu.

Waƙar Talauci da Wadata ita ce ta fi shiga jama'a cikin waƙoƙinsa na Hausa. Tana nuna yadda ake yi wa matalauci a taro da yadda ake yi wa mai dukiya, ko da maganarsu ɗaya ce, da zolaya mai ɗaci irin ta wanda ya zauna cikin 'yan kasuwa ya ga tashinsu da faɗuwarsu. Ya kuma yi waƙa kan annobar murar da ta ratsa duniya a 1918 zuwa 1919, wadda aka sani da Tunkuyau, inda ya bi alamomin cutar daki daki. Ban da waɗannan akwai na yabo, da na ta'aziyya, da na wa'azi.

Hajji da shekarun ƙarshe

A 1913, yana da shekara hamsin da 'yan kai, ya tashi zuwa Makka. A Madina ya sadu da Alfa Hashim, ɗan ɗan'uwan Alhaji Umaru Futi, wanda ya baro yammacin Afirka gaban sojojin Faransa, ya ratsa ƙasar Hausa, ya tsira daga Burmi, ya ƙare a Hijaz ya zama madogarar alhazan Takruru, wato na yammacin Afirka. A hannunsa Umaru ya karɓi Tijjaniyya, kuma ta hanyarsa da ɗalibansa ɗariƙar ta ƙara kafuwa a zangunan Gwalkwas.

Ya bar Kete-Karachi tana hannun Jamus, cikin ƙasar Togo da suke mulka. A Agustan 1914 Togo ta faɗa hannun Ingila da Faransa cikin 'yan makonni, Kete-Karachi ta faɗo rabon Ingila, don haka sauran rayuwarsa a ƙarƙashin Ingilishi ya yi ta. Hanyar da ta kawo shi ma ta mutu a gabansa. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, fatake irin su Alhassan Ɗantata suka gane cewa goro ya fi saurin isa in an ɗora shi a jirgin ruwa daga gaɓar Gwalkwas zuwa Ikko, daga nan a sa shi a jirgin ƙasa. Tafiyar wata uku ta koma ta 'yan makonni, madugai suka rasa aiki. Shi dai ya ci gaba da limanci da karantarwa har ya rasu ranar 17 ga Rabi'ul Awwal 1353, daidai da 30 ga Yuni, 1934.

Inda takardunsa suke

Rubuce-rubucensa sun rabu gida biyu kamar yadda masu karatunsa suka rabu. Waƙoƙin sun zauna a hannun ɗalibai, ana kwafa ana rerawa a zanguna, har a shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon ta bi gidajen malamai tana ɗaukar hotonsu, aikin da Ivor Wilks da Thomas Hodgkin suka tsaya a kai tare da malaman ƙasar. Na zuben kuwa sun bi Krause da Mischlich zuwa Jamus. Mischlich ya buga wasu da fassarar Jamusanci. Douglas Ferguson ya mayar da kaso mai yawa zuwa Ingilishi a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Kalifoniya ta Los Anjalis a 1973. Stanisław Piłaszewicz na Jami'ar Warso a Folan ya shafe shekaru yana tace waƙoƙin da zuben yana bugawa. Sakamakon haka ɗalibin Hausa a Kano ko Sakkwato sau da yawa ta hannun Bature yake fara jin sunan mutumin da aka haifa a bayan gidansu.

Garin da ya karantar a ciki ma babu shi. Da aka gama madatsar ruwa ta Akosombo a 1965, tafkin Volta ya taso ya shanye tsohuwar Kete-Karachi, da kasuwarta da unguwannin zangonta, aka kwashe mutanen zuwa sabon gari a kan tudu mai ɗauke da sunan na da.